Tubalin Wusasa da Jan Bulon Rum: Coci Biyu a Kan Ma'auni

Sabon addini ba ya shigowa gari da magininsa. Duk inda ya sauka, abin da ya tarar a hannun maginan wurin shi yake ɗauka, ya juya shi yadda zai dace da ibadarsa. Haka Kiristocin farko na birnin Rum suka yi, haka kuma Kiristocin farko na ƙasar Hausa. Gini biyu sun isa shaida: cocin Santa Sabina da ke kan tudun Abentino a Rum, wanda aka gina tsakanin shekara ta 422 da 432, da cocin St. Bartholomew na Wusasa a bayan ganuwar Zariya, wanda aka ɗora a wajen 1929 zuwa 1930. Shekara dubu da ɗari biyar ke tsakaninsu, amma shawara ɗaya aka yanke a kansu: a ari fasalin ɗakin taro mafi daraja a garin. Abin da ya biyo baya ne ya raba su. Aron da aka yi a Rum ya zama ƙa'idar ginin coci a duniya, na Wusasa kuwa bai samu magada ba.

Mutumin ƙasar Sakkwato, ɗan Tambuwal ko Kebbe, na iya cewa ina ruwan biri da gada. Akwai dangantaka, ko da ta nesa ce. Tun wajen 1220 Paparoma Honoriyus na Uku ya miƙa Santa Sabina ga ƙungiyar limaman Dominikan, kuma har gobe nan ne babbar cibiyarsu. Limaman wannan ƙungiya da suka zo daga Amurka aka danƙa wa aikin ɗarikar Katolika a lardin Sakkwato a farkon shekarun 1950, suka zauna a Gusau, kuma ɗaya daga cikinsu, Edward Lawton, shi ne ya zama bishop na farko na Sakkwato a 1964. Shi kuwa cocin Wusasa ba sai an nemo masa dangantaka ba. Da tubali da azara aka gina shi, irin waɗanda aka yi tsofaffin sorayen Tambuwal da su.

Kusan ƙarni uku Kiristocin daular Rum suka yi ba su da ginin ibada da za su nuna a fili. A gidajen masu hali daga cikinsu suke taruwa. A kangon Dura-Yuropos da ke Siriya masu tono sun gano irin wannan gida na wajen shekara ta 240: an rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu aka samu zauren taro, aka ware wani ɗakin domin baftisma. Daga waje ba ya da bambanci da gidan maƙwabci. Lamari ya sauya a 313, da sarki Konstantin ya halatta addinin, ya kuma buɗe baitulmali domin gina wuraren ibada. Nan tambaya ta taso: wane irin gini za a yi?

Ɗakin tsafin Rumawa bai dace ba. Gida ne na gunki, jama'a a waje suke tsayawa ana yanka a gaban ƙofa. Ibadar Kirista kuwa tana son jama'a a ciki, su ji karatu, su ji wa'azi, su karɓi jibi. Sai aka juya ga basilika, wani dogon zaure da Rumawa ke yin shari'a da hada-hadar ciniki a cikinsa. Yana da fili mai faɗi a tsakiya, da layukan ginshiƙai dama da hagu, da lungu mai siffar rabin da'ira a ƙarshe inda alƙali ke zama. Aka sa bishop a mazaunin alƙali, aka sa bagade a gabansa, aka maida ƙofa ɗaya ƙarshen domin mai shigowa ya fuskanci bagaden kai tsaye. Cocin Lateran, wanda Konstantin ya gina, shi ya buɗe hanya.

Santa Sabina ya zo ne bayan ƙarni guda, lokacin da fasalin ya riga ya nuna. Addinin ya zama na gwamnati tun 380, amma birnin kansa yana cikin rauni, domin a 410 mayaƙan wani sarki mai suna Alarik sun shige shi sun yi ta ganima kwana uku. Shekara goma sha biyu bayan haka wani limami mai dukiya, Bitrus mutumin Iliriya, ya fara ginin a zamanin Paparoma Selestin na Ɗaya. Daga waje jan bulo ne tsurarsa, babu wani ado. A ciki ne idon mutum ke buɗewa. Ginshiƙai 24 na farin dutsen mabul, goma sha biyu a kowane gefe, suna ɗauke da bakuna a jere. Ba sabbi aka sassaƙa ba, daga wani tsohon gini aka kwaso su. A saman bakunan bango ya tashi da manyan tagogi a jere, an rufe su da wani dutse siriri mai barin haske ya ratsa. Rufin na katako ne. Ƙofar shiga ma ta katako ce, an sassaƙa labaran Littafi Mai Tsarki a kan allunanta. Daga alluna 28 na asali 18 sun tsira, kuma ɗaya daga cikinsu na cikin zanen gicciye mafi tsufa da aka sani.

Labarin Wusasa ya fara ne da kora. A 1900 wata tawagar ƙungiyar mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano, Sarki Alu ya ce su fice masa daga gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. A 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, Miller ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Zaman bai yi wa sarauta daɗi ba, bai kuma yi wa Turawan mulki ba, domin Gwamna Lugga ya riga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin mutane ba. Jama'ar Miller ba ta da yawa. Ta ƙaru a 1913 da zuwan wasu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19. An tsugunar da su a Gimi, cutar barci ta yi musu ɓarna. A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga birni zuwa Wusasa, kusa da dutsen Kufena, a hannun wani matashin limami, Guy Bullen. A nan aka gina makaranta da asibitin St. Luke da cocin da muke magana a kansa.

Wanda ya san ginin ƙasa zai gane abin da aka yi. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali da hannu a shanya, a jera shi da kwaɓi, bango ya fito da kauri a gindi yana sirancewa yana hawa. Azara daga giginya ake faskara ta, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma tsawon da take iya haye babu tokari bai kai mita biyu ba. Wannan ƙarancin ne ya haifi bakan gizo: a dasa azara cikin bango, a riƙa ɗaura wata kan wata tana leƙowa ciki, har ta gefen nan ta sadu da ta gefen can, a lulluɓe da ƙasa. Da wannan dabara Babban Gwani Mika'ilu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Da ita ake rufe soron sarki da zauren attajiri. Ita ce kuma aka kawo Wusasa. Tsarin ciki na coci ne, jama'a na fuskantar bagade, amma bango da baka da rufi duk na Zazzau ne.

To, a ɗora su a kan ma'auni, a fara da wurin da kowanne ya tsaya. Santa Sabina yana cikin ganuwar birni, a unguwar masu dukiya, an gina shi da kuɗin mai addinin da ke riƙe da gari. St. Bartholomew a bayan ganuwa yake, an gina shi ne bayan an nuna wa masu shi ƙofa. Ko a Rum ɗin ma ba a fara daga tsakiya ba, domin Konstantin a gefen birni ya ajiye Lateran, nesa da ɗakunan tsafin manyan gari, kada ya tsokano su. Amma cikin ƙarni ɗaya coci ya shigo tsakiya. A Zariya hakan ba ta faru ba, ba kuma a sa ran za ta faru ba, domin birnin na da addininsa da masallacinsa da malamansa tun ƙarnoni.

Wannan ya sa ma'anar aron ta bambanta. Wanda ya ari basilika ya ari ginin hukuma ne domin ya nuna cewa addininsa ya zama hukuma. Wanda ya ari soro a Wusasa ya yi ne domin ya nuna cewa shi ba baƙo ba ne. Ba a rasa dalilin kuɗi a ciki, tunda ƙasa da azara sun fi siminti da kwano araha ga mishan mai ƙaramin ƙarfi. Amma a lura da lokacin: a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da rayuwarsa a kai. Mutanen da suka dage sai an yi addu'a da Hausa su ne suka gina ɗakin addu'a da hannun Bahaushe. Yaran da suka tashi a inuwar mishan ɗin kuwa ba su zama baƙi a Arewa ba: Dakta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa kuma shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Janar Yakubu Gowon.

Ta fuskar haske da faɗi, Santa Sabina ya yi gaba. Jan bulo ƙonanne yana jure a huda shi da manyan tagogi, rufin katako ba shi da nauyi, ginshiƙin dutse siriri yana ɗaukar abin da bangon ƙasa mai kauri zai ɗauka. Saboda haka ɗaruruwan mutane na iya tsayawa suna ganin bagade. Rufin ƙasa nauyi gare shi, bangon da ke ɗauke da shi ba ya son a rage masa jiki, taga dole ta zama ƙarama, kuma bakan gizo yana da iyakar da ba ya wucewa. Idan jama'a ta ƙaru, basilika sai a ƙara mata tsawo ko a ƙara layin ginshiƙai. Soro kuwa idan ya cika ya cika.

Sai dai haske ba alheri ba ne a ko'ina. A Italiya, inda hunturu ke da duhu da sanyi, babbar taga ni'ima ce. A ƙasarmu, a watan Afrilu, wanda ya buɗe wa rana ƙofa ya gayyato wuta. Bango mai kauri yana shanye zafin yini a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi, kuma ƙaramar taga a sama tana fitar da iska mai zafi. Duk wanda ya taɓa fitowa daga shagon kwano da azahar ya shiga tsohon zaure ya san bambancin a fatarsa. A nan Wusasa ya yi nasara, kuma nasarar ba ƙarama ba ce, domin ya samu sanyinsa ba da lantarki ba, ba da fanka ba. Kowanne daga cikin ginin biyu ya amsa tambayar da sararin samaniyarsa ya yi masa.

Saura maganar daɗewa, inda mutane suka fi saurin yanke hukunci. Ana cewa dutse ya daɗe, ƙasa ta zube. Gaskiya ne Santa Sabina ya kusa shekara 1,600 a tsaye, amma ba shi kaɗai ya tsayu ba. An yi masa ƙari a ƙarni na 9, an sake masa fasalin ciki a 1587 a zamanin Paparoma Sistus na Biyar, an toshe yawancin tagoginsa, har sai da wani masani, Antoniyo Munyos, ya fara aikin maido shi kamanninsa na farko a 1914. Abin da mai ziyara ke gani yau aikin hannaye da yawa ne, kuma bai taɓa rasa mai shi ba: limaman Dominikan suna ciki shekara 800, Paparoma kuma yakan je can ranar Larabar Toka. Bambancin shi ne jan bulo yana yafe sakaci na shekara hamsin, ƙasa ba ta yafe na damina biyu. Tana son yaɓe kafin ruwa ya sauka, a duba indararo, a toshe tsaga, a shafe rufi da laso ko makuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yana nan daram saboda duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi. A Zariya kuwa, a watan Agustan 2023, wani sashe na masallacin Babban Gwani ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Ƙasa tana daɗewa gwargwadon daɗewar al'adar kula da ita.

Nan muka iso ainihin tambayar: me ya hana Wusasa haihuwa? Dalili na farko shi ne waɗanda suka cika coci-cocin biranen Arewa ba Hausawa ba ne. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, aka zaunar da su a Sabon Gari. Da suka tashi gina wurin ibada, abin da suka baro a Legas da Abekuta da Anacha suka kwaikwaya, wanda shi ma kwaikwayon na Ingila ne. Jirgin da ya kawo su shi ya kawo kwanon rufi da siminti. A lardin Sakkwato ma, inda aka bar 'yan mishan na SIM suka yi aikin jinyar kutare a Amanawa a shekarun 1930, ba a samu wata jama'ar Kirista Hausawa mai yawa a cikin birni da za ta nemi maginin gargajiya ya yi mata babban gini ba. Dalili na biyu shi ne babu sarki a bayan fasalin. Basilika ta bazu ne saboda sarakunan Rum sun gina ta a Ƙudus da Baitalami da Kustantiniya, bishop na kowane lardi ya ga abin da babban birni ya yi ya bi. A Habasha, inda sarakuna suka karɓi addinin tun ƙarni na 4, coci ya samu siffa ta ƙasar har aka sassaƙa na Lalibela daga cikin dutse. Wusasa ba ta da mai yi mata wannan. Abokin tafiyarta a yankin nan sai dai irin cocin ƙasa na Nabrongo a arewacin Gana, wanda aka gina a 1920, shi ma tilo a muhallinsa.

Dalili na uku ya fi sauran nauyi, kuma bai tsaya kan Kirista ba. An gina St. Bartholomew a daidai lokacin da ginin ƙasa ya fara rasa martaba a idon masu shi. Cikin shekaru kaɗan ginin siminti ya zama alamar arziki, na ƙasa ya zama alamar rashi. Kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a Sakkwato a shekarun 1960. Masallatan Juma'a na manyan birane aka rushe aka sake su da kankare da hasumiya irin ta Gabas. Ɗan magini ya bar tubali ya koma buga bulo. Da wuya coci ya riƙe abin da fada da masallaci suka saki. Shi ya sa yau, daga Sakkwato zuwa Jega, idan ka ga coci dogon ɗaki ne na bulo da kwano, bagade a ƙarshe, ƙofa a ɗaya ƙarshen. Jikan basilika ne na nesa, an rage masa ginshiƙai da haske, an ƙara masa zafi.

Idan ana maganar girma da haske da tasiri, Santa Sabina ya rinjaya, ba gardama. Idan ana maganar dacewa da ƙasa da yanayi da aljihun masu gini, Wusasa ya rinjaya. Amma rashin magada ba hujja ba ce cewa dabarar ta kasa. Basilika ta samu ƙarni guda na gwaji da dukiyar daula kafin ta kai matsayin Santa Sabina. Soron ibada na Wusasa gwaji ɗaya aka yi masa aka tsaya, tun ba a ga iyakar abin da bakan gizo zai iya ba idan aka haɗa shi da harsashin dutse da rufin da ba ya yoyo.

Wannan gwajin bai fi ƙarfinmu ba, amma lokacinsa ƙayyadadde ne. Littafi na iya adana hoton baka, ba ya iya adana yadda ake ɗaure azara ta ɗauki nauyin rufi, ko yadda magini ke gane kwaɓi ya nuna da tafin ƙafarsa. Wannan ilimin yana hannun tsofaffin magina ƙalilan a Zariya da Kano da garuruwa irin Tambuwal, kuma yawancinsu ba su da almajirai. Sassan koyar da zanen gine-gine na jami'o'inmu da hukumar kula da kayan tarihi na iya ɗaukar su aiki su koyar, kwamitocin masallatai da na coci-coci kuma na iya ba su ginin gaske su yi, ko da ƙaramin masallacin unguwa ne ko ajin makaranta. In ba a yi haka cikin shekaru kaɗan masu zuwa ba, ranar da rufin Wusasa ko soron wata fada ya tsage, kuɗin gyara na iya samuwa a rasa mai gyaran.